Daren da Wuta ta Ɗauke, Ɗanƙwairo Bai Tsaya Ba

Bayan an share makokin kawuna, Allah Ya jiƙansa da rahama, matarsa ta aiko yaro ya kira ni. Na same ta a tsakar gida ta ajiye wani tsohon akwatin ƙarfe a gabanta, irin wanda 'yan makarantar kwana suke tafiya da shi a zamanin da. Bayan mun gaisa ta tura mini shi, ta ce: "Ungo, ɗana. Malam ya ce in ta Allah ta kasance, kai za a ba wanga akwati, don kai ɗai ka zamnawa kuna saurare." Na ce, "To Inna, Allah Ya gafarta masa." Ban buɗe ba sai da na koma gida. Kaset-kaset ne guda arba'in da uku, an jera su kamar littattafai, kowanne da rubutun ajami a bayansa: Narambaɗa, Jankiɗi, Sa'idu Faru, Ɗan'anace, Kassu Zurmi, Shata. Guda ɗaya babu sunan kowa a jikinsa, sai kalma biyu kawai da hannun kawu: "daren biki". Ina ganinsa gabana ya faɗi, domin na san wane dare yake nufi. Ina wurin.

Mai karatu, ka yi mini haƙuri a wannan mako. Na saba kawo maka zancen ilimi da tsadar rayuwa da halin da ƙasa take ciki, yau kuwa zancen makaɗa na zo da shi. Ina fata kafin ka kai ƙarshen shafin nan za ka yarda da ni cewa ba nishaɗi kaɗai ne a cikin maganar ba.

Ina ɗan firamare, ba a daɗe da rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ba, wanda ya bar duniya a watan Nuwamban 1988 bayan shekara hamsin a kan gadon sarauta, kawu ya kama hannuna bayan sallar isha'i muka nufi wani gida a cikin tsohon gari, ba nisa da Kanwuri. Biki ake yi na wani babban gida, an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, an jera kujerun manya, an rataya ƙwan lantarki biyu da lasifika guda ɗaya a jikin itace. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ne aka gayyato. A lokacin tsufa ya riga ya kama shi. A zaune yake, 'yan amshinsa suna kewaye da shi, kowanne da kotsonsa a rataye. Ni da na saba jin muryarsa tana fita daga rediyo kamar ta wani ƙato, sai na ga dattijo ne kamar sauran dattawan unguwarmu. Har na fara jin an rage mini wani abu. Sai ya buɗe baki.

Ana tsakiyar waƙa wuta ta ɗauke. Lasifika ta mutu, duhu ya rufe wurin, yara suka yi ihu kamar yadda suka saba. Kotso bai tsaya ba, tsohon nan ma bai tsaya ba. Abin da ya faru shi ne taron ya yi tsit, domin kowa ya gane cewa in yana son ji sai ya kama bakinsa. Ya ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya sake, 'yan amshi suka cafe kafin ya faɗi ƙasa, rabinsu suka ƙarasa, sauran rabin suka tarbe su, sannan duka suka sauka a kan gindin waƙar a lokaci guda kamar an auna da ma'auni. Daga cikin gida wata mata ta rangaɗa guɗa. Kawu ya ɗora ni a kafaɗarsa ko da yake babu abin gani, na ji jikinsa yana rawa kaɗan-kaɗan. Da aka kawo fitilu aka kunna, na ga wani dattijo mai rawani a kujerar gaba yana share ido da bakin malafarsa. An ambaci kakansa ne.

Na fi shekara talatin ina ɗauke da wannan dare a raina, ban san cewa wani maƙwabcin gidan ya ajiye rikoda mai batir a gefen tabarma ba, kuma kawu ya karɓi kaset ɗin ya kwafa. Sai da na yi kwana uku ina zagaya rumfunan masu gyaran rediyo a Sakkwato kafin na sami wani dattijo da yake da na'urar da ke juya kaset, shi ma sai da ya canza mata bel. Cikin arba'in da ukun nan, goma sha ɗaya ne suka yi magana yadda za a fahimta. Sauran wasu zaren ya manne, wasu ya yi laushi ya naɗe, wasu kuma muryar ta yi nisa kamar ana kiranka daga ƙasan rijiya. Na daren biki ya yi mana minti goma sha bakwai, har da guɗar matar nan, sannan zaren ya tsinke. Mai gyara ya dube ni ya ce, "Malam, wanga sai haƙuri." Mun liƙa, ya ƙara tafiya kaɗan, amma wurin da wuta ta ɗauke, wanda shi na fi so in sake ji, ya cinye.

Kawu yana da wata magana da yakan yi duk lokacin da na yaba wa Narambaɗa. Shi ya taɓa ganinsa da idonsa a Isa yana saurayi, lokacin da yake bin mahaifinsa fatauci. Idan na ce babu murya irin wannan, sai ya yi murmushi ya nuna rikodar da haɓa ya ce: "Yaro, wanga ba Narambaɗa na ba, inuwatai ta." Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin irin tinƙahon da tsofaffi suke yi wa yara. Sai da na girma na fahimci cewa gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tana da dalilai da za a iya lissafawa.

Na farko, waƙar baka ta fada ba a gama ta a gida a zo a karanta. Gindinta ne tsayayye, ɗiyanta kuwa suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wanda ke zaune a wurin. Idan wani basarake ya shigo ana cikin waƙa, sai an sama masa wuri a cikinta. Idan abokin hamayyar ubangida yana kusa, habaicin yakan ƙara kaifi, kowa kuma ya san inda aka dosa ba tare da an kama suna ba. Kyautar doki ko riga tana iya tsawaita waƙa, rowa tana iya gajarta ta. Saboda haka Bakandamiyar da Ibrahim Narambaɗa Tubali ya rera a gaban Sarkin Gobir na Isa Amadu ba sau ɗaya ya yi ta ba, kuma ba a taɓa yin biyu iri ɗaya ba. Wadda muke ji a yau ita ce wadda Allah Ya sa aka kunna na'ura ranar da aka yi ta.

Na biyu, na'urar kanta tana da iyaka. Faifan garmaho na zamanin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe. Kaset ɗin da muka fi sani yana ɗaukar minti talatin ko arba'in da biyar a gefe guda. Makaɗin da ya saba kwana yana waƙa sai a ce masa ya dunƙule ta ta shiga wannan ɗan ƙoƙo. Sannan makirufo guda ɗaya da aka ajiye a gaban jagora ba ya kama faɗin da'irar 'yan amshi, ba ya kama yadda ƙarar kotso take dukan ƙirjin mai sauraro, balle shirun da taro yake yi idan an taɓo wani tsohon tarihi. Na uku, abin da ya iso wayoyinmu kwafin kwafi ne: daga faifan gidan rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset sau da yawa, daga nan zuwa kwamfutar masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, inda ake matse shi don ya yi sauƙin turawa. Kowane mataki yana aske wani abu. Ke nan abin da ɗalibaina suke ji inuwar inuwa ce.

Duk da haka, ko a inuwar ana gane mai ita. Wanda ya saba sauraro ba zai haɗa muryar Narambaɗa da ta kowa ba, yadda take tafiya a natse kamar malami yana ba da karatu, kowace kalma da nauyinta. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda ya rasu a 1973, muryarsa irin ta fada ce tsantsa, mai tafiyar ƙasaita, ba ta gaggawa domin ta san a gaban wa take. Sa'idu Faru, makaɗin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, harshensa kaifi gare shi, yana iya yanka mutum da zambo a bar shi yana dariya bai san jini yana zuba ba. Ɗan'anace kuwa muryar fili ce, ta dandalin dambe bayan an kawar da amfanin gona. Idan yana kiran Shago, ko a kaset ne, sai ka ji kamar ƙura tana tashi. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri, Gambu ya yi wa ɓarayi. Daga gabas kuma ga Mamman Shata, wanda ya cika a ranar 18 ga Yunin 1999, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda ya bi shi a 2015, da Barmani Choge da ƙwaryarta, wadda ta rasu a 2013. Babu ɗaya a cikinsu da ya dogara da wata na'ura don ta gyara masa murya. Wanda ba shi da ita, fili ne yake korarsa tun ranar farko.

A nan zan ɗan fita da kai waje, mai karatu, domin a baƙunta na fara ganin girman sakacinmu. Lokacin da nake karatun digiri na uku na yi wata 'yar zama a Ingila, inda na yi maƙwabtaka da wani Bature dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa. Wata rana ya ji ina sauraron Ɗanƙwairo ya tambaye ni ko mene ne, na yi masa bayani gwargwadon iko. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan tikiti a cikin firam. Na taron Live Aid ne, wanda aka yi a filin wasa na Wembley da ke Landan ranar 13 ga Yulin 1985 don tara wa mutanen Habasha gudummawa saboda yunwa. Yana cikin mutum kimanin dubu saba'in da biyu da suka cika filin. Ya kunna mini hoton bidiyon ƙungiyar Queen, masu kiɗan rok, waɗanda suka yi wasa na kusan minti ashirin a ranar. Jagoransu Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya tsayar da kiɗa a tsakiya, ya riƙa jefa wa taron murya tsirara suna mayar masa. Na ce wa maƙwabcina, ai wannan amshi ne, mu da shi muka tashi. Na dubi fuskarsa yana kallo, sai na ga irin yanayin da na gani a fuskar dattijon nan mai rawani. Shi ma ya ce mini bidiyon bai kai rabin abin da aka ji a filin ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Freddie Mercury ya mutu ranar 24 ga Nuwamban 1991, Musa Ɗanƙwairo ma a 1991 ya rasu. Shekara ɗaya ta ɗauke su. Dubi abin da mutanen kowannensu suka yi da abin da ya bari. Wancan an adana wasanninsa da hoto da sauti, an san rana da wuri da sunan kowane makaɗi da ya tsaya a bayansa. A 2018 an yi fim a kan rayuwarsa, aka sake gina dandalin Wembley don a kwaikwayi waɗannan mintoci. A 2023 an yi gwanjon kayansa a Landan, fiyanonsa kaɗai ya haura fam miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. A birnin Cleveland na Amurka akwai katafaren gidan tarihi na mawaƙan rok da aka buɗe a 1995. Namu kuwa, wanda ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello da sarakunan ƙasar Hausa da dama, tambayi ɗalibin jami'a ya kawo maka sunan mutum biyu daga cikin 'yan amshinsa, ka ga yadda zai yi ta sosa ƙeya. Waƙoƙinsa suna yawo a intanet, da yawa babu shekara, babu wuri, wani lokaci ma da sunan wani makaɗin daban.

Kada a ce sai Turawa masu kuɗi. Maƙwabtanmu na Nijar, da ba su fi mu wadata ba, sun sanya wa gasar kiɗa ta ƙasa sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, kuma a Yamai suna da cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da ɗakin adana kayan kiɗan gargajiya. Masu jita na Abzinawa irin su Bombino da Mdou Moctar suna cika dandali a Turai da Amurka, da hannunsu suke kaɗawa, da bakinsu suke rerawa. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni taku nawa ne?

Kwanakin baya na halarci wani biki a ɗaya daga cikin ɗakunan taron da suka yawaita a garin nan. An gayyato wani matashin mawaƙi, ya fito da shiga mai kyau, makirufo a hannu, murya tana fita garau babu ko tangarɗa. Ana cikin liƙi sai janareta ya shaƙe. Wurin ya yi shiru, aka bar yaron nan a tsaye bakinsa yana motsi babu abin da ke fita. Da ma waƙar daga kwamfuta take zuwa. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, aka jira mai gyara. Babu wanda ya ga abin kunya a ciki, kuma wannan ne ya fi damuna. A 1990 an ƙwace lambar yabo ta Grammy daga hannun wasu mawaƙa biyu da ake kira Milli Vanilli bayan ta bayyana cewa ba su ne suka rera waƙoƙin faifansu ba, motsa baki kawai suke yi. Abin da ya zama fallasa a can shi ne ya zama al'ada a bukukuwanmu. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, wadda take daidaita muryar da ta kauce ta mayar da ita kan layi, kowa ya zama mai zaƙin murya, kuma muryoyin suka koma kama da juna kamar an zuba su a kwano ɗaya.

Ba ina zagin 'yan zamani ba ne. A cikinsu akwai masu fasaha ta gaske, akwai waɗanda in an kashe na'ura za su iya riƙe taro, kuma an san in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Su ma magabatan ba waliyyai ba ne. Sun yi roƙo, sun yi kambamawar da ta wuce kima, sun ci mutuncin bayin Allah da zambo saboda an hana su riga. Wanda ya yi wa ɓarawo kirari ba za a ce ya yi wa al'umma hidima da wannan ba, balle a yau da muke kuka da 'yan bindiga. Na kuma san akwai masu karatu, musamman a wannan gari na Shehu, da za su ce malamin jami'a bai rasa abin rubutu ba sai kiɗa. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Wannan fagen malamai ne. Abin da nake cewa shi ne, ko wanda ba ya sauraron kiɗa yana da buƙata a cikin waɗannan kaset-kaset. A cikinsu akwai salsalar gidajen sarauta, da sunayen garuruwa da fadamu da dawaki, da kalmomin noma da yaƙi da sulke waɗanda ba sa cikin ƙamus, da Sakkwatanci da Zamfarci da Gobirci kamar yadda aka furta su kafin rediyo da makaranta su daidaita harsunanmu. Mutanen garin nan sun fi kowa sanin abin da murya take iya ɗauka, domin da waƙar da ake rerawa Nana Asma'u ta isar da karatu ga matan ƙauyuka ta hannun jajis na 'Yan Taru.

Malamanmu sun yi ƙoƙari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Kundayen digiri a kan waƙar baka kuwa sun cika kantoci a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya. Amma takarda kalmomi take riƙewa, ba ta riƙe murya. Na sha zama a gaban ɗalibi yana kare kundinsa a kan salon wani makaɗi, ya kawo adon harshe da kamance da jinsarwa, in tambaye shi ko ya taɓa sauraron waƙar daga farko zuwa ƙarshe, sai ya sunkuyar da kai. Daga wani kundin ya kwafo matanin. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni da nake koyar da shi ban taɓa kai rikoda aji ba sai bana.

Lokaci kuma ba ya jiranmu, ta fuska biyu. Zaren kaset da na faifan gidan rediyo abu ne mai rai ƙayyadadde. Zafi da ƙura da laima suna cinye shi, kuma kowa ya san yadda Sakkwato take a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri arba'in. Na'urorin da ke karanta shi ma an daina ƙera mafi yawansu, masu gyaransu suna tsufa. Ta ɗaya fuskar kuma, mutanen da za su iya cewa wannan waƙa a gari kaza aka yi ta, wannan habaici da wane ake, wannan murya ta biyu ta wane ce, su ne tsofaffin 'yan amshi da sanƙirori da fadawa, kuma kullum sai an rage. Garuruwan da suka haifi wannan fasaha, Isa da Maradun da Zurmi da Bakura da ƙauyukansu, su ne yau rashin tsaro ya fi addaba. Manazarcin da a da zai hau mota ya kwana a Tubali yanzu sai ya yi tunani sau bakwai. Wasu daga cikin dattawan da muke buƙata suna nan cikinmu a Sakkwato da Gusau, gudun hijira ya kawo su, muna wuce su a bakin masallaci ba mu san abin da ke cikin kansu ba.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar biliyoyi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Cibiyar Nazarin Hausa, jiha tana da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ga Gidan Rediyon Rima, ga Rediyon Tarayya na Kaduna da ya daɗe yana naɗar makaɗan Arewa. Idan waɗannan suka haɗa hannu da takwarorinsu na Kebbi da Zamfara, waɗanda duk jiha ɗaya muke kafin 1991 da 1996, ɗaki guda mai sanyi da na'urori kaɗan da ma'aikata huɗu masu haƙuri sun isa a fara. A kwafe kowane zare zuwa kwamfuta ba tare da an matse sautin ba, a ajiye kwafi a wurare daban-daban, a rubuta wa kowace waƙa takardar shaida: wa ya yi, wa ya amsa, a ina, don wa. A zaunar da dattawan nan a kunna musu, a naɗi bayaninsu. A wajabta wa duk ɗalibin da ya yi nazarin waƙa ya ajiye sautin tare da kundinsa. A kuma tuna da iyalan makaɗan, domin ba daidai ba ne wasu su riƙa cin kuɗin talla a intanet da muryar mutum alhali jikokinsa ba su san ana yi ba. Asusun TETFund yana ba da kuɗin bincike, Laburaren Birtaniya ma yana da shirin tallafa wa adana kayan tarihin da ke fuskantar barazana tun 2004. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016 saboda an sami waɗanda suka zauna suka rubuta. Kotso da taushi ba su gaza ba.

Sannan ina roƙon masu shirya bukukuwa da masu hannu da shuni su riƙa ware ko da sa'a guda da za a kashe kwamfuta, a bar mawaƙi da makaɗansa da muryarsa. 'Ya'ya da jikokin Ɗanƙwairo da na wasu makaɗan suna nan suna riƙe da kotso. Abin da suka rasa shi ne fili. Yaron da bai taɓa jin an rera waƙa a gabansa ba, ba zai san abin da ake nufi da murya ba, kamar yadda wanda bai taɓa shan fura da nonon rugga ba zai rantse cewa ta roba ita ce fura.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin akwatin kawuna a gidanku, a ƙarƙashin gado ko a saman rumbu, kada ka bari a zubar ranar share-share, kada kuma ka matsa wa kaset ɗin da ya manne sai ya juya, domin a nan ake tsinka shi. Ɗauke shi daga rana da laima, ka kwafe rubutun da ke bayansa, ka tambayi tsohon da ya rage a gidan inda aka samo shi tun yana iya ba ka amsa. Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da UNESCO ta keɓe don adana sauti da hoto na tarihi; ina fata kafin ta zagayo a ce an sami inda za mu kai su.

Ni dai na kwafe goma sha ɗayan nan. A makon jiya na kai minti goma sha bakwai na daren biki aji, na ce kowa ya kife wayarsa. Sautin ba shi da kyau, akwai tari da kukan jariri da ƙarar babur a ciki. Da aka zo wurin guɗa, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wace ce wannan?" Na ce ban san ta ba, kuma wanda zai iya gaya mana mun binne shi watanni uku da suka wuce. Allah Ya jiƙan kawu, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya yafe musu kurakuransu, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.